Masu Sayar da Rana: Sharhi kan Rubutun Hutu a Sifaniya

Akwai wani nau'in rubutu da masu nazarin adabi ba su cika waiwaya ba, alhali yana cikin waɗanda aka fi karantawa a duniya, wato rubutun da ke tallata hutu a wata ƙasa. Shi ne ya cika shafukan kamfanonin tafiye-tafiye, da mujallun da ake sakawa a aljihun kujerar jirgin sama, da jerin nan na wurare goma da aka ce lallai mutum ya gani kafin ya mutu. Mun zaɓi mu duba wanda ake yi a kan Sifaniya saboda dalilai biyu. Na farko, ƙasar tana cikin waɗanda suka fara mayar da hutun bakin teku babbar sana'a, don haka salon rubutun ya nuna a can har ya yi laushi. Na biyu, da wuya ka shiga unguwa a Kano ko Maraɗi ka rasa yaron da ya san Madrid da Basalona, albarkacin gidan kallon ƙwallo. Sunayen sun riga sun zauna a bakinmu. Saura mu duba irin hoton da ake liƙa musu.

Ko da wane harshe aka yi shi, wannan rubutu tsarinsa ɗaya ne. Ana kasa ƙasar gida uku: birane, gaɓar teku, tsibirai. A kason birane za ka samu Madrid da gidajen adana zane-zanenta, da Basalona da cocin nan na Gaudi wanda aka fara ginawa tun 1882, da Sebiya da Granada da Kordoba. A kason gaɓa akwai Kosta Brava a arewa maso gabas, da Kosta Blanka, da Kosta del Sol a kudu, wadda ma'anar sunanta gaɓar rana. Tsibiran kuma rukuni biyu ne: na Baleyar a Bahar Rum, wato Mayorka da Menorka da Ibiza da Formentera, sai na Kanari a Tekun Atlantika, irin su Tenerife da Gran Kanariya da Lanzarote. Kowane wuri an ba shi sakin layi ɗaya, da siffofi uku ko huɗu da ba sa canjawa: rairayi fari, ruwa shuɗi, abinci mai daɗi, mutane masu fara'a.

Mu da sana'armu rubuta manhajar kwamfuta ce mun san wannan aiki tun daga nesa. Ana ƙera ƙwarangwal ɗin shafi guda ɗaya a bar gurabe, sannan a sa na'ura ta riƙa ɗebo suna da hoto da farashi daga ma'ajiya tana cikewa. Shafin Malaga da na Alikante ba su bambanta ba sai a abin da aka zuba a gurbin suna. A wurin mai sayar da tikiti wannan dabara ce mai kyau, domin tana rage aiki. Damuwarmu ita ce yadda ƙwarangwal ɗin ya tsallako cikin ƙagaggun labaranmu. A littattafai da dama da ake sakewa kashi-kashi a WhatsApp da Wattpad, da zarar an ɗaura aure sai a ɗauki ango da amarya a kai su wata ƙasa. Su sauka a otal mai hawa da yawa, amarya ta buɗe labule ta hangi teku, su ci abinci, su shiga kanti, su dawo da akwatuna. Cire sunan garin ka sa wani, babu jimla ɗaya da za ta buƙaci gyara. Marubuciyar da ta iya zayyana tsakar gida har ka ji ƙamshin turaren wuta, tana barin filin jirgin Kano sai alƙalaminta ya koma na mai talla.

Kafin a ari hoto, ya kamata a san wanda ya zana shi. Sifaniyar hutu ƙirƙira ce ta hukuma, kuma tana da tarihi. Garin Benidorm ƙaramin gari ne na masunta lokacin da Pedro Zaragoza ya zama magajinsa a 1950. Shi ya kawo tsarin gine-gine na 1956 wanda ya share fagen dogayen otal-otal ɗin da suka cika gaɓar a yau. Daga 1962 zuwa 1969, a zamanin mulkin kama-karya na Janar Franco, Manuel Fraga ne ministan yaɗa labarai da yawon buɗe ido, kuma a lokacinsa aka yayata taken nan da ke cewa Sifaniya daban take. Abin lura shi ne ma'aikatar da ke tallata bakin teku ga baƙi ita ce dai ke tace jaridu da littattafai a cikin gida. Ofishi ɗaya ne ke zaɓar abin da za a nuna da abin da za a rufe. Dabarar kuwa ta ci: a 2024 baƙi kusan miliyan 94 suka shiga ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan 50 ba, kuma sana'ar tana samar da fiye da kashi 12 cikin 100 na arzikin ƙasa.

To mene ne hajar da ake sayarwa? Rana. An yi wannan rubutu ne domin mutumin Ingila ko Jamus ko Suwidin, wanda ke shafe watanni cikin hazo da sanyi da gajerun yini. A wurinsa kwanciya a rairayi tsakar rana ni'ima ce da ta cancanci ajiyar shekara. Sai dai a Hausa rana ba ta da wannan matsayi. Idan muka ce mutum ya sha rana, wahala muke nufi. Muna yi wa leburan da ya dawo sannu da rana. Sarki laima ake riƙa masa, dattawa gindin bishiya suke zama, har a zancen Lahira ma inuwa ake roƙo. Wanda ya taɓa yin watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, inda zafi ke haura maki 40, ba zai biya kuɗin jirgi don a shanya shi ba. Saboda haka duk lokacin da jarumar labarin Hausa ta yi ta murna da hasken rana a bakin teku, idon wani ne aka ara mata, kuma aron bai zauna daidai ba.

Abin dariya, su kansu mutanen kudancin Sifaniya ra'ayinsu ɗaya da Bahaushe. A filin wasan bijimai, kujerar da ke inuwa ta fi ta rana tsada. A Sebiya idan zafi ya shigo ana shimfiɗa manyan ƙyallaye a saman titunan kasuwa daga gini zuwa gini. Tsofaffin unguwannin Kordoba lunguna ne matsattsu, gidajen kuma suna kewaye da tsakar gida mai shuke-shuke da ruwa, kuma da tsakar rana kantuna da yawa kan rufe sai yamma ta yi. Marubucin da ya tashi a gidan ƙasa mai zaure da kaurin bango zai gane wannan hikima a kallon farko, kuma yana da kalmominta a bakinsa. Mai talla ba ya ganinta, domin abokin cinikinsa rana ya zo saya.

Akwai kuma abin da ya ƙaru a zamaninmu. A da, edita ne ke zaɓar wuraren da za su shiga littafin jagora. Yanzu lissafin na'ura ne. Injin bincike da manhajojin ajiye ɗaki suna ɗora wurin da aka fi dannawa a saman jeri. Abin da ke sama shi ake dannawa. Dannawar ta ƙara ɗaga shi. Haka hoto ɗaya na wani lungu ko wata 'yar gaɓa ke jawo dubban mutane su je su ɗauki irinsa, su saka, na'ura ta ƙara tabbatar wa kanta cewa nan ne wurin. Ma'aunin da ake amfani da shi taurari biyar ne, kuma baƙo kaɗai ke da ikon ba da su. Matar da ke gyara ɗakuna ba ta da gurbi a ma'ajiyar, haka ma maƙwabcin da aka hana barci. Abin da ba a auna ba kuwa ba ya fitowa a allo. Marubucin da binciken da ya yi wa labarinsa bai wuce shafin farko na sakamakon ba, ya gaji wannan makanta ba tare da ya sani ba.

Waɗanda aka bari a waje sun fara ɗaga murya. Mata masu gyaran ɗakunan otal sun kafa ƙungiya mai suna Las Kellys a 2016, suna kuka da yawan ɗakuna da ƙarancin lada. Ranar 20 ga Afrilun 2024 dubun-dubatar mutane suka fito a tsibiran Kanari suna cewa tsibiran suna da iyakar abin da za su iya ɗauka. Mazaunansu wajen miliyan 2.2 ne, baƙin waje kuwa sun kusa miliyan 14 a 2023. A watan Yulin 2024 masu zanga-zanga a Basalona suka riƙa fesa wa baƙi ruwa da bindigar wasan yara a wuraren cin abinci. Wata ɗaya kafin nan magajin garin, Jaume Collboni, ya ba da sanarwar cewa zuwa Nuwamban 2028 za a kawo ƙarshen lasisin gidaje kimanin 10,000 da ake ba baƙi haya na 'yan kwanaki, saboda kuɗin haya ya fi ƙarfin 'yan gari. A farkon wannan shekarar ma yankin Kataloniya ya shiga dokar ta-ɓaci saboda fari, aka yi ta gardama a kan ruwan da otal-otal ke sha. Bahaushe yana da sunan irin wannan arziki: inuwar giginya, na nesa ka sha. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ya cikin sakin layin da ke cewa mutane masu fara'a ne.

Wannan cuta ta girmi intanet, kuma manyan marubuta ma sun kamu da ita. George Sand, marubuciyar Faransa, ta yi lokacin sanyin 1838 zuwa 1839 a Mayorka tare da Chopin, mai kiɗan piyano. Littafin da ta rubuta a kan zaman ya yabi duwatsu da itatuwa, ya kuma yi wa mutanen tsibirin kaca-kaca. Yau a ƙauyen Baldemosa inda ta zauna ana sayar wa baƙi littafin da harsuna daban-daban. Washington Irving, Ba'amurke, ya zauna a cikin fadar Alhambra a 1829, ya fitar da littafinsa na tatsuniyoyin fadar a 1832, wanda ya taimaka ƙwarai wajen mayar da ita wurin mafarki a idon Turawa. Su biyun sun bar wa masu talla gado ɗaya, wato ƙasa mai kyau wadda mazaunanta ko dai ado ne ko cikas.

Wasu sun bi wata hanyar. Juan Goytisolo ya zaga ƙauyukan lardin Almeriya a ƙarshen shekarun 1950, a ƙasa da cikin motocin haya, ya fitar da Campos de Níjar a 1960. Rana tana cikin littafin daga farko har ƙarshe, amma rana ce ta fari da ƙishi da ƙaura, kuma mutanen da ya gamu da su suna magana da bakinsu. Norman Lewis, ɗan Birtaniya, a littafinsa Voices of the Old Sea na 1984, ya ba da labarin wani ƙauyen masunta a Kosta Brava a ƙarshen shekarun 1940, da yadda kuɗin baƙi ya shigo ya sauya sana'ar mutane da al'adunsu cikin 'yan shekaru. Su ma baƙi ne a wuraren da suka rubuta, kuma sun ga kyawun teku kamar kowa. Bambancinsu shi ne sun zauna sun saurara, kuma sun bar mai karatu ya san daga inda su kansu suke kallo.

Wurin tsayuwar nan shi ne jarin marubucin Hausa, domin inda yake tsaye yana hango abubuwa uku da rubutun talla ba zai taɓa gani ba. Na farko ƙofar shiga. Ga Bajamushe tafiya tana farawa da sayen tikiti. Ga ɗan Najeriya ko Nijar tana farawa da neman bizar Shengen: takardun banki, inshorar lafiya ta Yuro 30,000, shaidar masauki, tikitin dawowa, da kuɗin neman bizar da ya tashi daga Yuro 80 zuwa 90 a Yunin 2024, wanda ba a mayarwa ko da an hana. A 'yan shekarun nan fiye da kashi 40 cikin 100 na buƙatun da ake shigarwa daga Najeriya ƙin su ake yi. Wane marubuci ne zai samu irin wannan fage na fargaba da jira da mutunci ya tsallake shi a jimla ɗaya? Angon da ya yi wa amarya alkawarin tafiya, aka ba shi biza aka hana ta, ya ishi babi guda.

Na biyu, biranen kudancin Sifaniya ba baƙi ba ne a zaurukan karatunmu, sunayensu ne kawai suka sauya. Kordoba ita ce Ƙurɗuba, garin Imam Ƙurɗubi mai tafsiri, kuma garin Yahya ɗan Yahya al-Laisi wanda ruwayarsa ta Muwaɗɗa ce ta fi shahara. Granada ita ce Garnaɗa, inda Ibn Asim mai Tuhfa ya yi alƙalanci, littafin da alƙalanmu suka daɗe suna dogaro da shi. Ibn Malik mai Alfiyya haifaffen Jayyan ne, garin da yau ake kira Hayen. Alƙali Iyal mai Ashafa an haife shi a Sabta a 1083. A ɗaya ɓangaren, Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, a Garnaɗa aka haife shi, kuma littafinsa da aka buga a 1550 ya ambaci Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir. Ɗalibin da ya yi shekaru yana haddar baitocin mutumin Jayyan, ranar da ya tsaya cikin ginshiƙan masallacin Ƙurɗuba, wanda aka fara ginawa wajen 785 aka mayar da shi coci a 1236, abin da zai ji a ransa ba ya cikin kowane littafin jagora. Akwai tarko a nan ma, domin kukan Andalus shi ma yana iya zama ƙwarangwal mai gurabe, a yi ta zubar da hawaye a kan 1492 ba a ga mai sayar da lemo da ke bakin ƙofa ba.

Na uku, teku. Tsibiran Kanari a gefen Afirka suke. Mafi kusa bai fi kilomita 100 da ɗoriya daga gaɓar Maroko ba. Gaɓar da jirage ke sauke masu neman rana ita ce kwalekwalen masunta daga Senegal da Muritaniya da Gambiya ke nufa da masu neman abinci. A 2024 mutum fiye da 46,000 suka isa tsibiran ta wannan hanya, kuma ƙungiyar Caminando Fronteras ta ƙidaya fiye da 10,000 da suka mutu ko suka ɓace a wannan shekarar a hanyoyin ruwa na zuwa Sifaniya, mafi yawansu a Atlantika. A ƙarshen 2020, lokacin da annobar korona ta kori baƙi, mutum fiye da 2,000 suka cunkushe a kan dandamalin tashar Arginegin a Gran Kanariya, aka kuma zuba dubban bakin haure a otal-otal ɗin da suka zama kango. A Nuwamban 2022 wasu 'yan Najeriya uku suka isa Las Palmas bayan kwana 11 a kan matuƙin wani jirgin dakon mai da ya taso daga Legas. Sabta ta Alƙali Iyal, wadda yanzu ake kira Seuta, tana hannun Sifaniya duk da cewa a ƙasar Afirka take, kuma an kewaye ta da dogon shingen ƙarfe. Lardin da Goytisolo ya zaga kuwa yau rumfunan leda ne na noman tumatir da tattasai, fiye da hekta 30,000, kuma 'yan Maroko da Afirka ta Yamma ne ke yawancin aikin ciki. Hausa tana da kalmar wannan tafiya tun kafin a ƙera jirgin sama: cin rani. Ƙananan harsuna ne za su iya ajiye yawon buɗe ido da cin rani a kan rairayi ɗaya da kalmomin gida, kuma namu yana cikinsu.

Za a ce mai karanta labarin soyayya hutu yake nema, bai zo jin ƙididdigar gawa ba. Wannan magana tana da ƙarfi. Matar da ta gama aikin gida ta ɗauki waya da dare tana da haƙƙin a kai ta inda babu ɗauke wuta, kuma ba laifi ba ne a so teku ko a yi marmarin otal mai kyau. Ba muna neman a mayar da kowane amarci rahoton jarida ba ne. Ƙorafinmu na sana'ar rubutu ne: mafarkin da aka kwafo daga talla ba ya gamsarwa, domin babu abin da mai karatu zai riƙe a ciki. Daɗi ma sai da takamaiman abu yake tabbata. Amaryar da ta ƙi fita sai bayan la'asar, ta gano cewa duk garin ma haka suke yi. Angon da ke lissafin yadda zai yi da sallar magariba da ba ta faɗuwa sai wajen goma saura na dare a watan Yuni. Neman abin da za a ci a ƙasar da cinyoyin alade ke rataye a kantuna. Ɗan Senegal mai shimfiɗa jakunkuna a bakin titin Basalona da ya yi musu sallama ya rage musu farashi. Waɗannan ba sa rage wa labari zaƙi, kuma ba za a iya ɗauke su a kai wani gari ba.

Muna da magabata a wannan fage. Dorugu, yaron da ya bi Heinrich Barth zuwa Turai a 1855, ya ba da labarin abin da ya gani da Hausa, aka buga a cikin Magana Hausa a 1885. Abubakar Imam ya je Ingila a 1943 cikin tawagar 'yan jaridun Afirka ta Yamma, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Babu ɗayansu da ya tafi da jerin wurare goma a aljihu. Sun auna abin da suka tarar da mudun gida, suka bayyana shi ga mutanen da ba su taɓa fita ba, shi ya sa har yanzu ana karanta su. Marubucin yau ya fi su kayan aiki nesa ba kusa ba: yana iya bin titin Sebiya a taswirar waya, ya karanta jaridar Tenerife ta hanyar manhajar fassara, ya tambayi 'yan uwanmu da ke zaune a can. Ko bai taɓa hawa jirgi ba, zai iya sauka ƙasa da shafin farko na sakamakon bincike, ya nemi nawa ake biyan mai gyaran ɗaki, da inda ruwan wankan otal ke fitowa, da wanda ke zaune a gidan kafin a mayar da shi masaukin baƙi.